Muryar da aka kai ƙara kotu: sake sauraren Trans na Neil Young

A ƙarshen shekarar 1983, kamfanin faya-fayen waƙa na Geffen da ke Amurka ya maka mawaƙinsa Neil Young a kotu, yana neman diyyar fiye da dala miliyan 3. Babu zargin satar waƙa, babu zargin ya ci kuɗi ya ƙi aiki. Ƙorafin kamfanin shi ne faya-fayen da ya kawo ba za su sayu ba, kuma ba su yi kama da irin waƙoƙin da aka san Neil Young da su ba. A taƙaice, an kai mutum ƙara saboda bai yi kama da kansa ba. Shi ma ya shigar da tasa ƙarar ta dala miliyan 21, yana cewa yarjejeniyarsu ta ba shi damar yin abin da ya ga dama. Daga baya aka sasanta, mai kamfanin, David Geffen, ya ba shi haƙuri.

Faifan da ya fara tayar da wannan ƙura shi ne Trans, wanda ya fito a ƙarshen 1982. Yau fiye da shekara 40 ke nan, masu sauraro ba su daina musu a kansa ba. Wasu na ganin shi ne mafi munin abin da Young ya taɓa yi. Wasu kuma, musamman tun da labarin abin da ke bayansa ya fito fili, sun mayar da shi gwanin faifai da aka zalunta. Mu a ganinmu ɓangarorin biyu duk sun yi gaggawa. Na'urar da aka tsine wa ita ce mafi gaskiyar abin da ke cikin faifan, kuma aibinsa yana wani waje da masu yabo ba sa son dubawa.

Wane ne mai muryar?

An haifi Neil Young a Toronto ta ƙasar Kanada a 1945. Ya yi suna da ƙungiyar Buffalo Springfield a shekarun 1960, sannan da Crosby, Stills, Nash & Young, kafin faifansa Harvest na 1972 ya kai shi ƙololuwa, waƙar "Heart of Gold" ta zama ta ɗaya a Amurka. Masoyansa sun san shi da fuska biyu. Akwai Young mai jitar katako da ƙaramin abin busa a wuya, yana waƙa a hankali kamar mai hira da kansa. Akwai kuma Young na ƙungiyar Crazy Horse, mai jitar lantarki da ke ruri kamar injin niƙa. Abin da ya haɗa fuskokin biyu shi ne muryar: siririya ce, tana rawa, wani lokaci tana tsagewa a tsakiyar baiti. Malamin waƙa ba zai ba ta maki ba. Amma wannan rawar da tsagewar su ne abin da mutane ke biyan kuɗi su ji, domin a cikinsu suke jin mutum na gaske yana magana.

Sai ga shi a Trans ya ɗauki wannan muryar ya cusa ta cikin na'ura. Waƙoƙi 9 ne a faifan, kuma a 6 daga ciki muryar ta bi ta wani akwati da ake kira vokoda, ƙirar kamfanin Sennheiser na Jamus, ta fito kamar ta mutum-mutumi. Ya kuma yi aiki da Synclavier, na'urar haɗa sauti mai aiki da kwamfuta, wadda a lokacin sai manyan masu kuɗi ke iya saye. Tasirin ƙungiyar Kraftwerk ta Jamus, wadda ta fitar da Computer World a 1981, a bayyane yake. Wanda ya sayi faifan yana jiran ɗan'uwan Harvest dole ya ji kamar an sayar masa da gwangwani babu komai a ciki. Faifan ya tsaya a mataki na 19 a jadawalin ciniki na Amurka. Ga wani mawaƙin wannan nasara ce, amma ba ita kamfanin da ya zuba masa kuɗi yake jira ba.

Abin da vokoda ke yi wa magana

Kafin a yanke wa faifan hukunci, ya kamata a san aikin akwatin nan, domin a nan maganar take. Ba don waƙa aka ƙirƙiro vokoda ba. Wani injiniya mai suna Homer Dudley ne ya samar da ita a ɗakin binciken Bell a shekarun 1930, yana neman hanyar matse muryar mutum ta wuce ta wayar tarho ba tare da ta cinye fili ba. A Yaƙin Duniya na Biyu an gina na'urar SIGSALY a kan wannan dabara, don ɓoye maganganun da shugabannin Amurka da Ingila ke yi ta waya. Dabarun matse murya da ke cikin wayar da kake karanta wannan sharhi da ita jikokin wannan tunani ne.

Ga yadda take aiki. Na'urar tana raba muryarka gida-gida, daga sauti mai kauri zuwa siriri, tana auna ƙarfin kowane gida a kowane lokaci. Wannan awo shi ne hoton yadda bakinka da harshenka ke motsi. Sai ta jefar da ainihin sautin maƙogwaronka, ta ɗauko wani sauti daga fiyano na lantarki, ta sassaƙa shi da wancan awon. Abin da zai fito yana da siffar maganarka, amma hawa da saukarsa na yatsun mai danna fiyano ne. Baƙaƙe kuma, musamman masu saurin wucewa, sukan dusashe, har kalma ta zama inuwar kanta.

Kunnen Bahaushe zai gane wannan da sauri idan ya tuna kalangu. Makaɗi yana matsa tsarkiya a hammata, kalangu ya yi kirari, wanda ya san kirarin ya ji shi sarai, alhali babu baƙi babu wasali, sai hawa da saukar sauti kawai. Vokoda kishiyar kalangu ce: ta riƙe motsin baki, ta zubar da karin sauti. A harshenmu, inda karin sauti ke cikin abin da ke raba kuka ta miya da kuka na hawaye, wannan asara ce babba. A Turanci ma asara ce, domin a hawa da saukar murya ake jin mai magana yana roƙo ne, yana tsoro, ko yana lallashi. Mu masu rubuta manhaja mun san cewa duk matsewa irin wannan ciniki ne: sai ka zubar da wani abu kafin saƙo ya wuce ta ƙuntatacciyar hanya. Tambayar ita ce me ka zaɓa ka zubar, kuma me ya rage.

Abin da ke faruwa a gida

A lokacin da Trans ya fito, kusan babu wanda ya san halin da Young ke ciki. A 1978 matarsa Pegi ta haifa masa ɗa da ya zo da laluran nan da ke taɓa ƙwaƙwalwa tun farkon rayuwa, ta hana gaɓoɓi bin umarni. Ta yaron mai tsanani ce: ba ya tafiya, ba ya magana. Iyayen suka shiga wani shirin motsa jiki na wata cibiya a Filadelfiya, wanda ke cin sa'o'i fiye da 10 a kullum, ana maimaita motsi iri ɗaya, har tsawon kimanin wata 18 kafin su bar shi. A cikin wannan tsakani Young ya yi Re·ac·tor na 1981, faifai mai yawan nanata abu guda, sannan ya fara waƙoƙin Trans a gonarsa ta Kalifoniya.

Shekaru bayan haka, a hirarraki da kuma littafin tarihinsa Shakey na Jimmy McDonough da ya fito a 2002, Young ya bayyana cewa rashin fahimtar kalmomin da mutane ke kuka da shi da gangan ne. Haka yake zama da ɗansa: ya san akwai magana a ciki, yana ganinta a idon yaron, amma ba ta fitowa yadda zai gane. Ya kuma ce ya so a yi fim tare da waƙoƙin, mai nuna asibiti inda ake ƙoƙarin koya wa wani jariri danna maɓalli don ya isar da abin da yake so, amma kamfanin bai ba da kuɗin ba.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Da wannan bayani a hannu, waƙar "Transformer Man" takan canza kama gaba ɗaya. A hankali take tafiya, muryar na'urar tana can sama, siririya, tana kaiwa wani wuri inda kalmomin ke narkewa su zama sauti zalla. Mai sauraro yakan tsinci kansa yana matso da kunne, yana kamo kalma ɗaya ya rasa biyu, yana komawa baya ya sake ji. Wannan matsowar ita ce abin da waƙar ta zo yi. Na tsawon minti uku da wani abu, an zaunar da kai a inda uban yake zaune kullum. Waƙa ta saba ba mu labarin baƙin cikin wani. Wannan kuwa ta ɗora mana aikin da baƙin cikin ke sa mutum yi.

A 1993, a shirin Unplugged na tashar MTV, Young ya sake rera waƙar da muryarsa ta ainihi, da kayan kiɗa marasa lantarki. Mutane da yawa suka ce ai ga shi, ashe waƙa ce mai daɗi na'ura ta ɓata. Mun yarda ta 1993 ta fi saurin shiga zuciya, kuma ta nuna cewa ginin waƙar mai ƙarfi ne ko an cire mata akwati. Amma a cikinta kowace kalma tana isowa lafiya, mai sauraro yana zaune a kujerarsa yana tausayi daga nesa. Ta 1982 ba ta bar masa wannan hutun ba. Shi ya sa muka fifita ta.

Inda faifan ya tsaya da inda ya faɗi

Sai dai labari mai taɓa zuciya ba ya mayar da kowace waƙa zinariya, kuma a nan muka rabu da masu yabon Trans ido rufe.

Waƙoƙi uku sun tsaya da ƙafarsu. Ban da "Transformer Man", akwai "Computer Age", inda jita ke jan zare mai daɗi a kan bugu madaidaici, muryar kuma tana shiga na'ura tana leƙowa, kamar mutumin da ke tsaye a bakin titi motoci na wuce shi yana neman wanda zai lura da shi. Akwai kuma "Sample and Hold", wadda sunanta ma daga fannin lantarki aka aro shi: wani sashe ne da ke ɗaukar awon sigina a ƙiftawar ido ya riƙe shi har a gama karantawa. A waƙar, wani mutum ne ke odar abokiyar zama daga kamfani, yana zayyana nauyi da launin gashi da na ido kamar mai cike fom. Ban dariya ce a sama, kaɗaici a ƙasa. A shekarun da mutane ke kwana suna hira da manhaja a waya, waƙar ta fi cizo fiye da lokacin da aka yi ta. Abin lura kuma, a ƙarƙashin waɗannan waƙoƙi akwai jita da ganguna na hannun mutane. Kraftwerk sun goge gumin ɗan Adam daga kiɗansu da gangan. Young bai iya ba, ko bai so ba, kuma wannan karon da ake yi tsakanin tsoka da waya shi ne ɗanɗanon da faifan ya keɓanta da shi.

Sauran ukun masu vokoda ba su kai nan ba. "We R in Control", inda kwamfutoci ke shelar cewa su ke juya duniya, tunani ne da finafinan kimiyya suka riga suka tauna suka zubar. A nan muryar mutum-mutumi ta zama abin da masu suka suka ce ita ce: kayan wasa. "Computer Cowboy", labarin makiyayin da ke kutse cikin kwamfutoci da dare, tana da jita mai nauyi da raha, amma ba ta wuce raha ba. Sabon zubin "Mr. Soul", tsohuwar waƙarsa ta 1967 da Buffalo Springfield, tana da ma'ana a matsayin tsokana ga masu son ya dawwama a jiya, sai dai ba ta ƙara wa ta asalin komai ba.

Babban rauni kuwa yana cikin waƙoƙi ukun da babu na'ura a muryarsu: "Little Thing Called Love", "Hold On to Your Love" da doguwar "Like an Inca". Daga wani faifai dabam aka tsamo su, wanda ya naɗa a Hawai da sunan Island in the Sun, kamfanin bai yi na'am da shi ba. Ta farkon ita ce ma ta buɗe Trans, da kiɗan annashuwa irin na bakin teku. Mai sauraro ya gyara zama ke nan sai a jefa shi cikin duniyar mutum-mutumi babu sallama. Alamar gaggawa har a bangon faifan ta fito: an rubuta sunan wata waƙa, "If You Got Love", wadda babu ita a ciki. Da Young ya tsaya a kan waƙoƙin na'ura kaɗai, da mai sauraro ya gane an shigo da shi wani gida mai dokarsa, ko ya so ko ya ƙi. Da ya gauraya su da na Hawai, sai abin ya yi kama da mutumin da ke gwada riguna a gaban madubi. Masu cewa wasa yake yi ba su da laifi sosai, domin shi ya ba su hujja.

Aikin da ke buƙatar mabuɗi

Saura tambaya mafi wuya, wadda ta shafi duk mai rubutu. Idan sai an ba ka labarin gidan mawaƙi kafin waƙarsa ta yi maka ma'ana, waƙar ta yi nasara kuwa? A sana'armu, manhajar da ba mai iya amfani da ita sai wanda ya rubuta ta yana tsaye a kansa, ba a ce ta kammala ba. Young ya kulle ƙofa, ya sa mabuɗin a aljihu, sannan ya ji zafin cewa ba wanda ya shigo.

Muna ganin wannan suka tana da gaskiya, amma rabi. Yana da haƙƙin rufa wa iyalinsa asiri, kuma da ya fito a 1982 yana tallar faifai da ciwon ɗansa, da wani abin ƙyama ne dabam. Ban da haka, "Transformer Man" ba ta dogara kacokan ga labarin ba. Ko ba ka san komai ba, taushin da ke cikinta a fili yake: wani yana lallashin wani ta bayan gilashi. Labarin suna kawai ya sa wa abin da kunne ya riga ya ji. Waɗanda suka kasa ji a 1982 sun kasa ne saboda sun riga sun yanke cewa duk abin da ya bi ta waya sanyi ne da shi. Inda sukar ta kama shi shi ne a raunanan waƙoƙin. Su kam ko an ba ka labarin sau goma ba za su tashi ba.

Abin da ya biyo baya ya nuna cewa maganar na'ura da sadarwa ba yayi ba ce a wurinsa. A 1986 Pegi Young na cikin waɗanda suka kafa makarantar Bridge a Kalifoniya, don yara masu wahalar magana da motsi, inda ake koya musu isar da saƙo da taimakon na'urori. Shekara da shekaru ana shirya wasan tara mata kuɗi, har zuwa 2016. Young ya kuma shiga aikin ƙera na'urar sarrafa jiragen ƙasa na wasan yara tare da kamfanin Lionel, da tunanin yadda yaron da hannunsa ba ya biyayya zai iya tuƙa su, har sunansa ya shiga takardun mallakar fasaha.

Me mawaƙi ke bin mu, me muke bin sa?

Ƙarar Geffen abin dariya ce a yau, amma abin da kamfanin ya rubuta a takardar kotu shi ne abin da masoya da yawa ke faɗa a zuci. An yi wa Bob Dylan ihu a Newport a 1965 da ya ɗauki jitar lantarki. An yi wa Radiohead gunaguni a 2000 da suka fitar da Kid A. Mu ma nan mun san wannan musu. Tun da fiyano ya mamaye sutudiyoyin Kano, daga baya Auto-Tune ya zauna a muryoyin waƙoƙin fim, ake cewa an kashe waƙar Hausa, ana kiran sunan Shata da Ɗan Maraya a matsayin shaida. Haka marubuciyar da aka sani da labaran soyayya, ranar da ta kawo wani abu dabam, masu karatu za su ce ba ita ba ce.

Trans ya ba mu ma'aunin da ya fi "na'ura ko ba na'ura" amfani. A tambayi abin da na'urar ke yi a wannan waƙar. Auto-Tune, wanda ya fito a 1997, an yi shi ne don gyara muryar da ta kauce, kuma yawancin masu amfani da shi ɓoye rauni suke yi, har muryoyi goma su zama ɗaya. Young ya yi akasin haka: ya ɗauki na'ura ya ƙirƙiri rauni da ita, don ya nuna wani raunin da ba shi da hanyar faɗa. Idan an cire na'urar daga waƙa ba abin da ya ragu sai ƙyalli, to ado ce. Idan an cire ta ma'ana ta canza, kamar yadda ta canza a 1993, to tana cikin jikin waƙar.

Bayan Trans, Young ya ƙara tunzura kamfanin da Everybody's Rockin' na 1983, faifan minti 25 na salon shekarun 1950, wanda shi ya cika ma'aunin da ya kai su kotu. A 1988 ya koma tsohon kamfaninsa Reprise, a 1989 ya fitar da Freedom, masu sharhi suka ce ya dawo hayyacinsa. Bai sake yin wani faifai irin Trans ba.

Ga mai son gwadawa a wayarsa, shawararmu ita ce ya tsallake waƙar farko. Ya fara da "Computer Age", ya bi da "Sample and Hold", ya rufe da "Transformer Man", da abin sauraro a kunne, kuma kada ya nemo rubutattun kalmomin a intanet tukuna. Ya bari ya sha wahalar kamo su da kansa sau biyu ko uku. Bayan nan ne ya kamata ya nemi ta 1993.